Ajin Koyon Hira da Dattawa a Agege: Darasin Ɗan Jaridar Romaniya da Abin da Kuɗina Ya Saya Mini

A bayan tashar jirgin ƙasa ta Agege akwai wata Hajiya, tsohuwar ma'aikaciyar gidan rediyo da ta yi ritaya, tana koyar da yadda ake zama da dattijo a naɗi labarinsa a ajiye. Ajin na ranar Asabar ne, daga bayan la'asar zuwa kiran magariba, a wani ɗakin Islamiyya da take ara. Na biya naira dubu 20 na zango ɗaya, kuma tun da na gama abokai ke tambayata ta WhatsApp ko kuɗin ya yi amfani. Ya yi. Sai dai akwai inda ajin ya gaza, kuma gara mutum ya sani kafin ya zaro kuɗinsa a wannan marra.

Ni ba ɗan jarida ba ne. Lissafi nake riƙe wa wasu dillalan albasa a Mile 12, tirela ta iso daga Aliero in rubuta buhu nawa aka sauke, nawa 'yan dako suka ci, nawa ne la'ada. Abin da ya kai ni ajin shi ne yawan jana'izar da muke yi. Mutanen da suka zo Ikko a jirgin ƙasa, suka yi fataucin goro a Zangon Agege tun ana lissafi da fam da sule, suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, kuma iyakar abin da jikokinsu suka sani shi ne "Baba ɗan Kano ne".

Hajiya ta gina ajin gaba ɗaya a kan rayuwar mutum ɗaya, wani ɗan jarida kuma mai binciken zamantakewa daga ƙasar Romaniya, Zoltán Rostás. Ta ce ta ci karo da aikinsa ne a wani kwas da gidan rediyonsu ya tura ta Turai. Da farko wasu sun yi gunaguni, wani ɗan acaba da ke kusa da ni ya ce, "Hajiya, mu da muka zo don tarihin Agege, ina ruwanmu da Romaniya?" Ta ce masa, "Yi haƙuri ɗana, saurara tukuna."

An haifi Rostás a 1946. Ɗan ƙabilar Hangariya ne, waɗanda tsiraru ne a yankin Transilbaniya na Romaniya, ya karanta falsafa a jami'ar birnin Cluj, sannan ya yi aiki a wata mujallar mako-mako ta harshen Hangariya da ake bugawa a Bukarest, babban birnin ƙasar. A shekarun 1980 Romaniya na hannun Nicolae Ceaușescu, wanda ya ƙudura sai ya biya bashin ƙasashen waje kaf, don haka aka koma auna wa mutane abinci, ana ɗauke wuta da gangan, talabijin ma awa 2 kacal take yi a rana. A 1983 aka yi dokar da ta tilasta wa duk mai keken rubutu ya yi masa rajista wurin 'yan sanda, don a iya gane wanda ya buga takardar sukar gwamnati. 'Yan sandan ciki, waɗanda ake kira Securitate, suna da kunne a kowane ofis. A cikin wannan hali ne wannan ɗan jarida ya ɗauki rikoda da kasakasai yana bin gidajen wasu tsofaffin masana yana naɗar hirarsu, alhali babu wata jarida a ƙasar da za ta buga abin da suke faɗa yadda suka faɗe shi.

Su waye tsofaffin? Almajiran Dimitrie Gusti ne, wani shehun malamin nazarin zamantakewa da ya rayu daga 1880 zuwa 1955. Gusti ya ce ba a sanin ƙasa daga kan kujera, sai an je ƙauye an kwana. Tun daga 1925, da suka fara da ƙauyen Goicea Mare, yakan kwashi ɗalibai da likitoci da masana waƙa da masu ɗaukar hoto su tare a ƙauye guda tsawon makonni. Sun je Nerej a 1927, sun je Drăguș a 1929 da ayari na kusan mutum 90. Suna ƙirga gonaki da dabbobi, suna duba lafiyar yara, suna rubuta yadda ake rabon gado da yadda ake aure, suna naɗar waƙoƙin biki da na makoki. A 1936 Gusti ya kafa gidan tarihi na ƙauye a Bukarest, inda aka kwance gidajen manoma na gaske daga yankuna daban-daban aka sake harhaɗa su a bakin tafki, kuma yana nan har yau.

Da 'yan kwaminis suka kama mulki, a 1948 aka kori wannan fanni daga jami'a. Daga cikin almajiran Gusti, Anton Golopenția, wanda ya shugabanci hukumar ƙididdiga ta ƙasa, an kama shi a 1950, ya mutu a kurkuku a 1951 yana da shekara 42. Mircea Vulcănescu ya mutu a kurkukun Aiud a 1952. An dawo da fannin a tsakiyar shekarun 1960, aka sake rufe sashensa a 1977. Waɗanda suka rage da rai sun tsufa, sun kuma koyi kama bakinsu. Babba a cikinsu shi ne Henri H. Stahl, wanda ya jagoranci rubuta binciken Nerej. Rostás ya yi ta zuwa wurinsa daga 1985 zuwa 1987. An harbe Ceaușescu a ranar 25 ga Disamba 1989, Stahl ya rasu a 1991, hirar kuwa ba ta fito a littafi ba sai a shekarar 2000. Bayan faɗuwar gwamnatin Rostás ya zama malami a sashen aikin jarida na Jami'ar Bukarest, ya ci gaba da fitar da sauran hirarrakin, ya kuma riƙa tura ɗalibansa su naɗo labarin mutanen gari.

Abin da Hajiya ta fi tsayawa a kai, wanda kuma ni ma shi ne ya zauna mini, shi ne irin abin da hira ke tonowa wanda takarda ba ta ajiye ba. Littattafan makarantar Gusti suna nan a ɗakunan karatu, amma ba za su gaya maka wa ke jin haushin wa ba, ko yadda siyasa ta raba abokan da suka kwana ɗaki ɗaya a ƙauye. Traian Herseni ya bi ƙungiyar 'yan ra'ayin riƙau masu tsattsauran kishin ƙasa, Miron Constantinescu ya zama jigo a jam'iyyar kwaminis, duka kuwa daga tsangaya ɗaya suka fito. Irin wannan sai a bakin wanda ya gani da idonsa, kuma sai ya saki jiki. Ta ce dattijo yana da labari iri biyu, wanda yake bai wa baƙo da wanda yake bai wa wanda ya saba da shi, kuma idan zuwa ɗaya za ka yi na farkon kaɗai za ka samu.

Daga nan ajin ya koma aiki. Ta hana mu tambayar "Baba, ba mu tarihin rayuwarka", don a cewarta amsar ba ta wuce "Alhamdu lillahi, mun sha wahala, Allah ya rufa asiri". Sai dai ka tambayi abu ƙarami da za a iya gani: wa ya tarbe ka a tasha, me ka ci daren farko, a gidan wa ka sauka. Ta kuma sa mu yin wani atisaye da ya fi kowane wuya, wato idan dattijo ya yi shiru kada ka cike gurbin. Tana zama a gabanka da agogo a hannu, ta yi shiru, ta ga ko za ka iya daurewa. Yawancinmu mutanen kasuwa ne, bakinmu ba ya zama wuri ɗaya, dariya kawai aka yi ta yi.

Na gwada a kan wani dattijo a Zango da ya haura shekara tamanin. Na gaishe shi, na ajiye goro da ɗan turare, na ce, "Baba, ranar da ka fara sauka a Agege, a ina ka kwana?" Ya daɗe yana kallon wayar da na ɗora a kan tabarma. Can sai ya fara da fatoman da ya sauke shi, mutumin garinsu, wanda ya ba shi wurin kwana a zaure ya kuma tsaya masa wurin Yarabawa masu gonar goro har suka yarda su ba shi kaya bashi. Ya nuna mini da hannu yadda ake jera goro a huhu, ganye a ƙasa, ganye a gefe, a zaɓe mai tsutsa a jefar don kada ya ɓata sauran, a riƙa buɗewa ana yayyafa ruwa a hanya. Ya ce ƙwarya ɗaya goro ɗari ce, kuma mai ƙirga na gaske ba ya kallon hannunsa. Sai ya yi shiru. Na cije na ƙi magana. Da ya ɗago sai ya shiga labarin matarsa ta fari, Bayarabiya, da yadda danginsa a gida suka yi shekaru ba su karɓi auren ba. Babban ɗansa yana zaune a gefe, ya ce mini daga baya bai taɓa jin wannan ba.

Wannan kaɗai ya biya ni kuɗina. Yanzu ga inda nake da ƙorafi.

Misalin Romaniya yana da kyau amma bai zauna daidai a kanmu ba, kuma Hajiya ba ta tsaya ta faɗi haka ba. Rostás farfesoshi ya yi hira da su, mutanen da suka bar littattafai da wasiƙu da hotuna, idan ɗaya ya ce abu ya faru a shekara kaza akwai takardar da za a duba. Dattawanmu da shekarar gobara ko zamanin wani sarki suke lissafi, kuma ajin bai koya mana yadda za a daidaita wannan da kalanda ba. Tsoronmu ma daban ne. Su gwamnati suke tsoro, mu kuwa maƙwabta muke jin nauyi. Ka tambayi mutumin Idi-Araba rikicin Hausawa da Yarabawa na Fabrairun 2002, ko ɗan Mile 12 na Maris ɗin 2016, zai dube ka ya tuna cewa gobe da safe da mutanen da ake maganarsu zai yi ciniki. Me za ka yi da irin wannan hira idan ka samu? A ɗora a Facebook ko a ɓoye shekara goma? Mun tambaya, ta ce mutum ya yi amfani da hankalinsa. Ni dai ina ganin wanda ya karɓi kuɗi don ya koyar ya kamata ya ba da amsar da ta fi wannan.

Na biyu, rubuta hirar. Ta dage cewa a rubuta kalma da kalma, kada a gyara wa dattijo harshe, na kuma yarda da ita. Amma awa ɗaya ta magana tana cin yini guda wurin rubutawa, kuma dattijon Agege a jimla ɗaya zai haɗa Hausa da Yarabanci da burokan. Manhajojin da ke mayar da murya rubutu da muka gwada duk sun rikice a kan irin wannan gauraye. An ba wannan aiki rabin zama ɗaya kawai, alhali shi ne ke sa mutane su watsar da abin. Maganar ajiya ma da gudu aka wuce ta. Rostás kaset ya yi amfani da shi, kaset kuwa yana iya shekaru a cikin akwati. Mu a waya muke naɗa, wayar da za a iya fizgewa a Oshodi. Wata 'yar ajinmu ce, mai gyaran waya a Computer Village, ta koya mana mu riƙa kwafa a katin ajiya biyu mu kuma tura wa kanmu ta imel, ba malamar ba.

Sai ƙananan abubuwa. Ɗakin yana kusa da layin dogo, tun da jirgin Red Line ya fara jigila a 2024 kuwa sai a riƙa tsayar da darasi har ya wuce. Idan aka ɗauke wuta babu janareta, fanka ta tsaya, zafi ya hana kowa tunani. Takardun da ake rabawa da Turanci suke, duk da cewa koyarwar da Hausa ce tsantsa, kuma akwai 'yan ajin da boko bai yi musu nisa ba.

Wani abu da na yaba, wanda ban zata ba, shi ne yadda ta kula da ɓangaren mata. Ta ce namiji ba zai shiga cikin gida ya zauna da tsohuwa ta buɗe masa ciki ba, don haka ta rage wa mata kuɗin shiga, ta kuma haɗa kowane namiji da wata 'yar aji da za ta naɗo ɓangaren iyaye mata. Abin da suka dawo da shi ya fi namu daɗin ji: masu tuwo da suka ciyar da fatake bashi, unguwarzoma da ta karɓi haihuwar rabin layi, adashin da aka sayi filin farko da shi.

Idan kana neman takardar shaida don neman aiki a gidan jarida, wannan ajin ba naka ba ne, ba ta bayar da ko ɗaya. Idan kuwa akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku da kake son jikoki su ji muryarsa, ka je. Ka tafi da waya mai isasshen wuri, da abin cajin tafi-da-gidanka, da littafin rubutu mai kauri. Ka zauna a layin gaba saboda muryar Hajiya ba ta da ƙarfi. Sabon zango yakan fara ne bayan Babbar Sallah, kuma ba ta ɗaukar fiye da abin da bencin Islamiyyar zai ɗauka.