Sharhina kan SetupDiag bayan tsohuwar kwamfutata ta ƙi karɓar sabuntawa

Duk wanda sabunta Windows ya ƙi yiwuwa a tsohuwar kwamfutarsa, kafin ya goge komai ya sake ɗorawa, ya fara gwada SetupDiag. Ƙaramar manhaja ce ta Microsoft, kyauta ake sauke ta, aikinta kuma ɗaya ne tak: ta karanta bayanan da kwamfuta ta rubuta lokacin da ake ɗora sabon tsari, ta faɗa maka inda aikin ya tsaya da abin da ya tsayar da shi.

Laftof ɗina ta kwana biyu. Ba za ta ɗauki Windows 11 ba, domin shi yana neman TPM 2.0, wato wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfuta, da firosesa na ƙarni na takwas zuwa sama in na Intel ne, nata kuwa na huɗu ne. Burina kawai in ɗaga ta daga Windows 10 sigar 1909 zuwa 22H2, wadda ita ce siga ta ƙarshe, tunda tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma ƙarin sabuntawar tsaro da ake kira ESU sai mai 22H2 ake ba. Aikin yakan yi nisa, kwamfuta ta mutu ta sake tashi, sai can a ga tana maido da tsohon tsari. Abin da take bari a allo lamba ce kawai: 0xC1900101.

Wannan lamba ta gama-gari ce. Galibi tana nufin wani direba, wato ƙaramar manhajar da ke sa Windows ya iya aiki da wata na'ura, shi ne bai dace da sabon tsarin ba, amma ba ta cewa wanne, alhali kwamfutar da ta shekara goma ana aiki da ita tana ɗauke da direbobi barkatai, har da na firintoci da wayoyin da aka daɗe da rabuwa da su. Cikakken labarin yana cikin wata ɓoyayyiyar folda mai suna $Windows.~BT, a fayilolin setupact.log da setuperr.log. Na buɗe na farkon, na ga layuka ba iyaka, kowanne da kwanan wata da sa'a da kalmomin da sai masana. Mutum zai iya wuni a kai idonsa ya yi ja bai gano komai ba.

A nan SetupDiag ta burge ni. Na ajiye ta a folda ita kaɗai, na kunna ta da izinin mai kula da kwamfuta, baƙar taga ta buɗe na ɗan lokaci, sai ga sabon fayil na sakamako a gefenta. Gajere ne. Ya nuna matakin da aikin ya faɗi, ya kuma ambaci fayil ɗin direban, irin waɗanda sunansu ke farawa da oem, lamba ta biyo baya, ya ƙare da .inf. Da umarnin pnputil /enum-drivers, mai jero direbobin da aka ɗora wa kwamfuta, na gano direban na wata tsohuwar na'urar kama intanet ce ta USB da na daina amfani da ita tuntuni. Na kwafe muhimman fayilolina zuwa wani faifan ajiya, na cire direban, na zare duk abin da ke jone da kwamfutar in ban da caja, na sake gwadawa. Aikin ya wuce lafiya lau, takarduna da manhajojina suna nan yadda na bar su.

Sai dai a san abin da za a tarar. Manhajar ba ta da maɓallan latsawa, ba ta gyara komai da kanta, sakamakonta kuma da Turancin masu fasaha yake. Wanda bai saba da baƙar tagar umarni ba zai so wani ya zauna kusa da shi, musamman wajen cire direba, don in aka cire wanda ba shi ba, sauti ko intanet na iya ɗaukewa. Tana kuma aiki ne da jerin matsalolin da aka riga aka sani. In taka ba ta cikinsu, za ta iya cewa ba ta sami abin da ya dace ba. Ba ta auna lafiyar faifan ajiya, wanda a tsofaffin kwamfutoci sau da yawa shi ne tushen ciwon.

Abu ɗaya da mutane da yawa ba su lura da shi ba: tun daga Windows 10 sigar 2004, manhajar tana zuwa cikin kayan ɗora Windows, tana kuma kunna kanta idan aiki ya faɗi. Saboda haka a fara leƙa foldar Windows, a shiga Logs, a shiga SetupDiag. Mai yiwuwa sakamakon yana can tun faɗuwar farko, ba sai an sauke komai ba.