Madubin saiti mai jan ɗigo: sai da na sayi biyu kafin na dace

A shekarar da na fara nesanta takarda da fuskata kafin in iya karanta ta, a shekarar ce harbina ya lalace. Ina noman shinkafa a Dadin Kowa, ƙasa da madatsar ruwa, kuma ina da ɗan sito inda nake tara shanshera kafin a kai ta Gombe. Duk mai sito ya san baƙinsa: ɓeraye da gafiya da dare, hasbiyoyi da rana a kan shanya. Guba kam na daina sa wa tun da ta kashe mini kaji da kyanwar maƙwabci. Abin da nake amfani da shi bindigar iska ce mai karyawa, wadda ake karya bututunta a ɗana ta, ta sifirin, mai cin ƙwayar dalma milimita 5.5. Ba ta da ƙara, ba ta huda bango, ta kuma wadatar da ni.

Matsalar saitin ƙarfe ita ce abu uku kake son ido ya kama lokaci guda: gibin da ke baya, ɗan tsinin da ke bakin bindiga, da abin da za ka harba. Idon saurayi na tsalle tsakaninsu ba tare da ya sani ba. Nawa ya gaji. In na ga tsinin sosai, gafiya ta zama hayaƙi. In na ga gafiya, gibin ya narke. Ɗan wana ne, da ya ga na yi kuskure sau uku a jere a taku ashirin, ya ce, "Bappa, ba hannunka ba ne, idonka ne. Akwai wani madubi mai jan ɗigo, ɗigon kawai za ka ɗora a kan abu."

Kafin in ci gaba, bari in kawar da wani ruɗani, don ni ma na shiga cikinsa. Wannan madubi ba ya haska komai a jikin abin da ka auna, ba irin jan hasken nan ba ne da yara ke wasa da shi a bango. Wata 'yar ƙaramar fitila ce a ciki take jefa haske a kan gilashi mai ɗan lanƙwasa, gilashin ya maido da shi idonka. Kai kaɗai kake ganin ɗigon. Ba ya kuma kusanto da abu kamar madubin hangen nesa, yadda abu yake haka za ka gan shi. Amfaninsa shi ne idanunka biyu a buɗe, kana kallon gafiya, ɗigon yana yawo a kanta kamar a jikinta yake. Kamfanin Aimpoint na ƙasar Suwidin ne ya fara fitar da irinsa kasuwa a 1975, kuma har yau nasu ne ake buga misali da shi. Akwai nasu da batir ɗaya ke yin awa 50,000 a kunne, wato sama da shekara biyar. Kuɗinsa kuwa ya ninka kuɗin bindigata sau da yawa, don haka kallo kawai na yi na wuce.

Na farkon da na saya, a intanet na gan shi, kuɗinsa bai kai rabin buhun taki ba. Hotonsa ne ya ruɗe ni. Gilashi faffaɗa a buɗe, ja da kore duk yana yi, ga siffofi huɗu da za ka zaɓa: ɗigo, da'ira, gicciye, da haɗin biyu. An buga masa sunan wani babban kamfani a gefe, wanda daga baya na gane ko hanyar kamfanin bai taɓa bi ba. Da ya iso sai ya ƙi hawa bindigar ma gaba ɗaya. Ashe doron da ake ɗaura madubi iri-iri ne. Yawancin waɗannan madubai an yi su ne don doro mai faɗin milimita 21 mai tsage-tsage, wanda ake kira Picatinny, alhali bindigogin iska galibi 'yan siraran kwari biyu ne a doronsu, tsakaninsu milimita 11. Sai da na sake jiran mako biyu kafin ɗan ƙarfen da ke haɗa su ya zo. Wanda duk zai saya, ya fara auna doron bindigarsa da rula kafin ya tura kuɗi.

Kwana uku na yi ina murna. A na huɗu sai ƙwaya ta fara sauka hagu, na gyara, ta koma ƙasa, na gyara, ta sake komawa hagu. Kafin in ƙarar da rabin gwangwanin ƙwaya, ɗigon ya fara ƙiftawa duk lokacin da na ja kunama, wani lokaci ya ɗauke sai na ɗan buge shi da tafin hannu kamar tsohuwar rediyo. Da tsakar rana kuwa, a ranar Gombe ta watan Maris, ko na ƙure haskensa ba na ganinsa a kan farar ƙasa. Koren ya ɗan fi, amma shi ma ba yabo ba fallasa. Araha dai ba ta ado.

Na ɗauka ƙaramar bindiga irin tawa ba za ta wahalar da madubi ba. Wani dattijon maharbi da muke sallar Juma'a tare, wanda ya yi shekaru yana gyaran bindigogin iska, shi ya warware mini. Ya ce, "Alhaji, taka ta fi wasu manya cin madubi." Bindiga mai albarushi baya kawai take hankaɗa. Ta sifirin kuwa duka biyu take yi: sifirin ya saki ta hankaɗo baya, fistin da ke tura iska ya kai ƙarshe ya buga ta fizgi gaba, duk kafin ka ƙifta ido. Wannan kai-komo shi ke kwance kusoshi, ya girgiza abin da ke riƙe da fitilar, ya raba batir da mazauninsa. Na ce, "To Baba, mafita fa?" Ya ce in nemi wanda aka rubuta ƙarara cewa yana jure bindigar sifirin, in kuma tabbatar ƙarfen haɗin yana da 'yar kusar birki. Na duba doron bindigata, ga ɗan rami can baya da ban taɓa sanin amfaninsa ba. Nan kusar ke shiga ta hana madubi zamewa baya. Da na duba tsohon ƙarfena, ya ja da baya kusan faɗin yatsa, har ya kankare baƙin fentin.

A karo na biyu na zauna na yi karatu. Masu matsakaicin kuɗi da aka fi ambata su ne Bushnell TRS-25, da Sig Sauer Romeo5, da Holosun 403, da Vortex Crossfire. Dukkansu masu bututu ne rufaffe, dukkansu batir ɗaya suke ci, CR2032, mai kama da kwabo, irin na makullin mota da na cikin kwamfuta. Sai dai samun na gaskiya a nan aiki ne. Shaguna da yawa na Amurka ba sa aika kayan saitin bindiga ƙasashen waje saboda dokar ƙasarsu, abin da ke yawo a kasuwanninmu da waɗannan sunaye kuwa jabu ya yi yawa a ciki. Na yanke shawarar ba zan sake biyan kuɗin suna ba. Na sami wani mai sayar da bindigogin iska da kayansu a Kano ta hannun ɗan wan nawa, na ce ya ba ni mara suna amma wanda shi kansa ya gwada a kan ta sifirin, da sharaɗin in ya saki saiti cikin wata guda zan mayar. Ya yarda. Wannan sharaɗin ya fi mini duk abin da aka rubuta a kwali. Kuɗin ya kama kusan buhun taki ɗaya da rabi, har da ƙarfen haɗi mai kusar birki.

Ba shi da kwalliya ko kaɗan. Bututu ne gajere baƙi, ja kaɗai yake yi, ɗigo ɗaya tal. Girman ɗigon shi ne abin da na fi dubawa, kuma a nan ne mutane ke wucewa ba su kula ba. Ana auna shi da wani ma'auni da za ka ga an rubuta MOA. Guda ɗaya yana rufe kusan santimita 2.9 a nisan mita 100. Nawa 2 ne, daga barandar sito zuwa katanga kuma mita 20 ne, saboda haka abin da yake rufewa bai wuce santimita 1.2 ba, ƙasa da kan ɓera. Wanda ke da ɗigo 5 a wannan nisan zai rufe kusan santimita 3, kan ɓeran ya ɓace a bayansa, sai dai ka yi harbin sa'a. Babban ɗigo ya fi saurin kamawa a ido, gaskiya ne, amma ga mai ƙananan ɓarayi irin nawa, 2 ko 3 ya fi.

Saita shi ya ci mini yini guda, kuma laifin lissafina ne. Kowane ƙas na makunnin gyara rabin MOA ne, wanda a mita 20 bai fi milimita 3 ba. Ƙwayata tana sauka santimita 6 ƙasa da ɗigo, na juya sau uku na harba, ban ga ta motsa ba, har na fara zargin mutumin Kano. Ashe ƙas ashirin ake bukata. Akwai kuma halin bindiga mai karyawa: saitin ƙarfe a jikin bututun bindiga yake, madubi kuwa a jikin gangarta, bututun kuma sau da yawa yakan ɗan sunkuya ƙasa kaɗan. Shi ya sa ƙwaya ke faɗuwa ƙasa sosai da farko, wani madubin ma gyaransa na sama ya ƙare bai kai ba. Nawa ya kai, da ɗan saura. Na ɗora bindigar a kan buhun ƙaiƙayi, na riƙa harba biyar-biyar a kwali ina bin tsakiyar tarin, ba ƙwaya ɗaya ba. Bayan katangar fili ne, amma duk da haka na jera tsofaffin buhunan yashi, don yara ba su da hanya ɗaya.

Yau wata takwas ke nan. Na ƙarar da gwangwani uku, sau ɗaya kawai na taɓa makunnin gyara, shi ma don na sauya irin ƙwaya ne. Duk ranar Asabar nakan bi kusoshin da alanki, ban taɓa samun wadda ta saki sosai ba. Hunturu ya zo ya wuce, a nan na gode wa rufaffen bututu: ƙura tana tsayawa a gilashin waje ne, ka hure ta ka share da tsumma mai laushi. Na farkon, da yake fitilarsa a fili take, ƙura kaɗan ta sauka a kanta sai ɗigo ya tarwatse. Kada dai a goge da bakin riga, ƙurar hunturu yashi ce, tana karce gilashi.

Inda bai gamsar da ni ba, akwai. Gilashinsa na da ɗan shuɗi-shuɗi, wanda da rana ba ka damuwa, amma da magariba, lokacin da gafiya ke fitowa, yana rage haske. Matakin haskensa na ƙasa ma ya yi yawa a cikin duhun sito, ɗigon ya kumbura ya rufe abin da kake nema, dole sai na kunna fitila a gefe. Ba shi da dabarar nan ta kashe kansa in an ajiye ya farka in an ɗauka, irin ta Romeo5 da Holosun, kuma sau biyu na manta shi a kunne har batir ya mutu. Yanzu ina ajiye guda biyu a aljihun jakar. Batirin ma a kula, na teburin bakin titi wani mako uku yake yi. Gara na wajen mai gyaran agogo da ka sani. Sannan in abu ya matso ƙasa da mita 7 ko makamancin haka, ƙwaya tana sauka ƙasa da ɗigo, saboda madubin yana sama da bututun bindiga. Ɓeraye biyu sun sha da wannan kafin na koyi ɗaga hannu kaɗan. Wanda ya zo da dogon mazauni, irin wanda ake yi wa bindigogin soja, ya cire shi ya sa gajeren, in ba haka ba kuncinsa ba zai zauna a kan katako ba.

Wani abu kuma da na kusa ɗora wa madubin ashe nawa ne. Ɗigon bai taɓa fito mini zagaye sumul ba, kullum da ɗan jela kamar tauraruwa mai wutsiya. Ɗan wana ya leƙa ya ce shi zagaye yake gani. Muka ɗauki hotonsa da waya ta cikin gilashin, ga shi nan zagaye. Muka juya madubin a hannu, jelar ba ta juya tare da shi ba. Likitan ido a Gombe ya ce gaban idona na dama ne bai lanƙwasa daidai ba, ya rubuta mini tabarau. Da tabarau, in na rage haske, jelar ta kusa ɓacewa. Duk wanda ya ga haka ya yi gwajin waya kafin ya yi wa mai kaya faɗa.

Maganar takarda kuwa ba ta wasa ba ce. Dokar bindigogi ta 1959 ta sa bindigar iska a rukuni ɗaya da ta farauta mai harsashi, wato sai da lasisi daga rundunar 'yan sanda. Tawa da takardarta, a jaka take tafiya, mai unguwa da 'yan banga kuma sun san da ita. A irin wannan zamani, bindiga mai madubi a kai daga nesa ba wanda zai tsaya tambayar ko ta iska ce, shi ya sa ba ta wuce harabar sito.

Tsohon madubin yana nan a cikin durowa. Ɗan wana ya ce in ba shi ya sayar, na hana, don ban ga wanda zan so ya faɗa inda na faɗa ba. Ƙarfen haɗinsa dai na cire na ba dattijon nan, ya ce zai huda shi ya sa masa kusar birki.