Ƙofar gareji ta ƙarfe mai soso a ciki: yadda take a ƙasa mai zafi

Duk wanda tsohuwar ƙofar garejinsa ta gaji, kuma yake zaune a inda rana ke duka yawancin watannin shekara, da wuya ya je wurin dillalai ba su fara nuna masa ƙofar ƙarfe mai falle-falle wadda aka cika cikinta da soso ba. Irinta ce ke garejina, wanda yake fuskantar yamma, kuma a ganina ƙofa ce da ta cancanci a saya, sai dai lambar hana zafi da ake tallarta da ita ba ita ce abin da ya kamata mai saye ya fara dubawa ba.

Ƙofar falle huɗu ne ko biyar a kwance, an haɗa su da hinji, suna bin layin ƙarfe a kan ƙananan tayoyi har su kwanta a ƙarƙashin rufi. Kowane falle ƙarfe ne ta waje da ta ciki, da soso a tsakani, kuma soson iri biyu ne. Akwai folistayirin, wanda ake yankawa kamar allo a zura, akwai kuma foliyuritan, wanda ake tsiyayawa yana ruwa-ruwa, ya kumbura ya cika kowane lungu, ya manne da ƙarfen. A ma'aunin hana zafi da ake kira R, wanda babbar lamba ce ta fi kyau a cikinsa, kaurin inci ɗaya na foliyuritan yana ba da kusan 6, na folistayirin kuwa kusan 4. Na foliyuritan na zaɓa, kuma amfaninsa bai tsaya ga zafi ba, domin mannewar nan tana sa fallen ya yi ƙarfi, ƙarar buɗewa da rufewa ta ragu ƙwarai. Da la'asar sakaliya, lokacin da bayan ƙofar ba ya taɓuwa, mutum zai iya ɗora tafin hannunsa ta ciki ya ji ɗumi kawai.

Amma lambar R da ake bugawa a takardar talla galibi ta tsakiyar falle ce, inda soson ya fi kauri, ba ta ƙofar gaba ɗaya bayan an kafa ta ba. Zafi kuwa yana shiga ta mahaɗar falle da falle, ta gefuna, da ta ƙasa. Saboda haka ya fi kyau a tambayi dillali ko akwai abin da ya raba ƙarfen waje da na ciki a bakin kowane falle, domin idan suna haɗe, zafin zai bi ƙarfen ya zagaye soson. Idan kamfanin ya bayar da lambar U, wadda ke auna yawan zafin da ke ratsawa, ta ƙofar da aka gwada a kafe, ita ta fi gaskiya, kuma a wannan ma'auni ƙaramar lamba ce ta fi kyau.

Launi shi ne batun da na ga ana rainawa alhali ya fi komai tasiri. Baƙin fenti ko ruwan ƙasa mai duhu yana da kwarjini a gaban gida, ba a musun wannan, amma ƙarfe mai duhu da ke cikin rana tsaka yana iya haura digiri 70 a ma'aunin Salshiyas. Ƙarfe mai tsawon mita 5, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 40, yana ƙara tsawo da kusan milimita 2 da rabi. Abin kamar ba shi da yawa, sai dai ƙarfen ciki bai ji wannan zafi ba, tun da soson ya tsare shi, don haka bai miƙe ba. Ɗaya ya yi tsawo ɗaya bai yi ba, kuma suna manne, sai fallen ya yi doro ta waje. Wato ingancin soson ne kansa ke jawo lanƙwasar. Idan ta yi yawa, ƙofar takan gogi saman firam lokacin buɗewa, fenti ya ƙarce, injin buɗe ƙofar ya riƙa wahala. Da rana ta faɗi komai yakan koma daidai, kuma kamfanoni da dama ba sa ɗaukar wannan a matsayin aibi, ba sa saka shi cikin garanti. Maganinsa farin fenti ne ko wani launi mai haske, da sandunan ƙarfe na ƙarfafawa da ake ɗaurawa a bayan fallen, musamman ga ƙofa mai faɗin mota biyu. Tagogin gilashi ma, ga ƙofar da ke kallon gabas ko yamma, gara a haƙura da su.

Sauran nau'o'in ba su ja hankalina ba. Katako yana bushewa ya tsage, yana kuma neman fenti a kai a kai. Alminiyom ba ya tsatsa, abin da ke da amfani a gaɓar teku, amma yana saurin lotsewa, yana wuce da zafi fiye da ƙarfe, kuma miƙewarsa ta kusa ninka ta ƙarfe. Faibagilas kuwa, wato roba mai zaren gilashi a ciki, yakan koma rawaya ya yi gautsi idan ya daɗe a rana.

Ƙananan kayan da ke tare da ƙofar su ne suka fi saurin gajiya. Robar ƙasa da ta gefuna tana ƙeƙashewa, kuma da ta tsage ƙura da iska mai zafi sun sami hanya. Nau'in robar da ake kira EPDM ya fi jure rana. Sifirin da ke ɗaukar nauyin ƙofar, na yau da kullum, an yi shi ne don buɗewa da rufewa kusan sau 10,000, wato wajen shekara 7 ga gidan da ake buɗe ƙofa sau huɗu a yini. Ƙofa mai soso ta fi ta ƙarfe falan ɗaya nauyi, don haka dole a canza sifirin tare da ita, kuma wannan aikin ƙwararre ne, domin sifirin da aka murɗa yana iya yi wa mutum mummunan rauni. Abin da ya ba ni haushi shi ne idanun tsaron nan biyu da ake sakawa kimanin santimita 15 daga ƙasa, masu hana ƙofa rufe kan yaro ko mota. Da yamma hasken rana yakan faɗa cikin ido mai karɓar saƙo, sai ƙofar ta fara sauka ta koma sama, fitilar inji tana ƙyaftawa. Sai da ma'aikacin da ya kafa ta ya dawo ya sauya wa idanun gefe sannan abin ya daina, kuma aiki ne da ya kamata a ce ya lura da shi tun farko.

Ƙofar nan ba ta sanyaya gareji, jinkirta shigar zafi kawai take yi, kuma kamar fulas take, tana riƙe abin da ta tarar a ciki. Idan aka shigo da mota da injinta da zafi aka rufe, zafin zai kwana a ciki, sai fa idan akwai kafofin iska a bango ko fanka mai fitar da iska. Haka kuma idan rufin garejin kwano ne ba silin, yawancin zafin daga sama yake sauka. Ga gareji mai haɗe da gida, ko wanda ke da ɗaki a samansa, ko wanda ake aiki a cikinsa, ina ba da shawarar a sayi mai foliyuritan, mai launi mai haske, da sandunan ƙarfafawa. Ga garejin da ke tsaye shi kaɗai, wanda mota kawai ke kwana a ciki, farar ƙofar ƙarfe marar soso mai kafofin iska ta wadatar.