Wane littafi zan saya kan tsangwamar Musulmi bayan harin 11 ga Satumba?

In kuɗin littafi ɗaya gare ka, kuma kana son karanta labarin yadda aka riƙa tsangwamar Larabawa da Musulmi 'yan ci-rani bayan harin 11 ga Satumba 2001 da aka kai Amurka, to fara tambayar kanka waye zai karanta, kai ne ko yaran gida, don duk da turanci suke amma ba kowanne ne za ka miƙa wa yarinya ba.

Wanda ya fi suna shi ne The Reluctant Fundamentalist na Mohsin Hamid, 2007. Changez ɗan Pakistan ne, ya gama jami'ar Princeton ta Amurka ya samu aiki mai tsoka a New York, sai harin ya faru, ya bar gemu, abokan aiki suka fara masa wani irin kallo. Gajere ne, a kwana biyu ka gama, sai dai mutum ɗaya ne ke ta magana tun farko har ƙarshe a wani gidan cin abinci a Lahore, in ba ka son irin wannan salon zai gundure ka.

Ni kam Once in a Promised Land na Laila Halaby na fi ba mutane shawara, shi ma 2007. Jassim da Salwa mata da miji ne daga Jodan suna zaune a Tucson ta jihar Arizona, mijin masanin harkar ruwa ne, ba ruwanshi da siyasa, ko addinin ma ba wani riƙe shi ya yi sosai ba, amma duk da haka jami'an FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, suka bi ta kanshi saboda Balarabe ne kuma yana aiki a kan ruwan shan gari, abin ya ci aikinshi ya girgiza aurensu. Wallahi nan ne za ka ga yadda zargi ke shiga har cikin ɗakin mutum. Akwai maganar cin amanar aure a ciki, na manya ne.

Home Fire na Kamila Shamsie, 2017, a Ingila yake, ya buɗe da yadda aka tsare wata Musulma mai suna Isma ana mata tambayoyi a filin jirgin Heathrow na Landan, ƙaninta kuma ya shiga ISIS, ga batun ƙwace wa mutum shaidar zama ɗan ƙasa. Rubutun ya yi kyau matuƙa amma akwai wuraren da ba na yara ba.

Na yara shi ne Ask Me No Questions na Marina Budhos, 2006. Iyali ne 'yan Bangladesh da bizarsu ta zama a Amurka ta ƙare, suka nufi Kanada neman mafaka aka tsare baban a boda, Nadira 'yar shekara 14 ita ke ba da labarin. Turancinshi mai sauƙi ne, ɗan sakandare zai karanta ba sai da ƙamus ba, in don gida za ka saya ɗauki wannan.