PlantNet a lambun tsirrai: tana aiki, amma sai an saita ta

Manhajar waya ce ta kyauta daga cibiyoyin bincike na Faransa, ciki har da Cirad da Inria. Ka ɗauki hoto, ka nuna mata fure ne ko ganye ko 'ya'ya, sai ta jero sunayen kimiyya, kowanne da makinsa.

A lambu irin na Kew da ke Landan, abin da ke ɓata sakamako shi ne zaɓen yanki. Tsirran can daga nahiyoyi daban-daban aka kwaso su, in ka bar ta kan tsirran Ingila za ta laƙaba wa furen Afirka ta Kudu sunan ɗan gida. Mayar da ita kan tsirran duniya tukuna.

Hoto ɗaya ba ya isa. Ɗauki uku daga tsiro guda: fure ta gaba, fure ta gefe har da gindinsa, sannan ganye inda ya haɗu da kara. Kada ganyen maƙwabci ya shigo, kuma rana tsaka tana kashe launi, shuɗi ya koma fari-fari.

Dangin tsiro takan kama shi, rarrabe 'yan uwan juna ne ke ba ta wuya. Agapanthus praecox da Agapanthus africanus, wasu furannin Afirka ta Kudu, ma masu lambu kansu suna rikita su, balle irin da aka yi wa aure don ado. Maki ya yi ƙasa, riƙe kalmar farko ta sunan kawai (kamar Agapanthus), ka ɗauki hoton allon da ke gindin shukar ka kwatanta. A lura, wani lokaci allon na shukar kusa ne.