Sharhi a Kan Fentin Vallejo Model Color da Launin Fatarmu

Watanni bakwai ke nan ina aiki da fentin Vallejo Model Color a nan Sakkwato, tun daga tsakiyar hunturu har shigowar damina. Na saye shi ne domin wasu ƙananan sojoji na roba masu ma'aunin 1:35, wato mutum mai tsawon santimita 175 yakan koma santimita 5, fuskarsa kuma ba ta wuce ƙwayar wake ba. Burina shi ne su fito da kamannin sojojinmu na Afirka ta Yamma da suka yi yaƙin Bama, musamman runduna ta 81 da aka kafa a 1943 wadda ta fafata a kwarin kogin Kaladan da ke ƙasar Bama, domin kakana na wajen uwa yana cikin waɗanda aka ɗiba daga ƙasar Sakkwato, kuma hoto ɗaya tak da ya bar mana baƙi da fari ne, ba ya nuna launin jikinsa.

Kamfanin na ƙasar Sifaniya ne, fentin kuma da ruwa ake tsinka shi, ba ya bukatar fetur ko wani sinadari mai wari, abin da ya ba ni damar yin aiki a ɗaki ba tare da na takura wa iyali ba. Kwalaben da na samu mililita 17 ne, masu ɗan tsukakken baki da ke sakin fenti ɗigo-ɗigo. Wannan bakin ya fi komai amfani a garinmu, domin a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, duk fentin da aka bari a buɗe yakan yi ɓawo kafin mutum ya wanke buroshinsa.

A wannan sana'a baki ɗaya, launukan da ake sayarwa da sunan launin fata sun fi karkata ga fatar Turawa, saboda haka na zaɓi kwalabe ɗai-ɗai daga cikin launukan ƙasa-ƙasa. Na shimfiɗa fenti mai lamba 70.872, mai launin cakulan, a matsayin tushe, na yi inuwa da 70.941 haɗe da ɗan 70.859 mai duhun ja, sannan na ɗaga haske da 70.981 mai ruwan lemo. A nan ne fentin ya burge ni ƙwarai. Idan aka tsinka shi ya yi ruwa kamar madara, ana iya shafa shi sau biyar ko shida a kan kunci ɗaya, kowace shafa tana barin ta ƙarƙashinta ta ɗan bayyana, har inuwa ta narke cikin haske ba tare da an ga iyakarsu ba, kuma bai cike mini ƙananan layukan ido da na leɓe ba.

Kuskuren da na fara yi shi ne zuba fari cikin launin ƙasa domin haska goshi da karan hanci. Sojan ya fito furu-furu kamar wanda bai shafa mai ba a tsakiyar hunturu. Baƙar fata mai lafiya tana da ɗumi a cikinta, haskenta yakan karkata ga ja ko ruwan lemo, inuwarta kuma ga jan da ya yi duhu, shi ya sa baƙi zalla a ƙarƙashin haɓa yake kama da datti. Na fahimci haka ne bayan na yi ta lura da fuskokin mutane a babbar kasuwa da hantsi, inda na ga cewa tsakanin wanda muke kira baƙi da wankan tarwaɗa da fari akwai launuka da yawa, kuma ko a jikin mutum guda tafin hannu dabam, gwiwar hannu dabam, gefen ido dabam. Da kwalabe huɗun nan na fitar da sojoji takwas, babu biyu masu fata iri ɗaya. Guda daga cikinsu na yi masa tsaga a kunci da bakin buroshi mai lamba 0, kuma fentin ya zauna daram bai bazu ba.

Yanayinmu ne ya fi ba ni wahala. Iskar hunturu tana busar da fenti a bakin buroshi kafin ya kai ga fuska, ƙura kuma tana sauka a kan shafar da ba ta gama bushewa ba. Maganin da na samu shi ne jiƙaƙƙen soso a cikin roba mai murfi, da takardar da ake shimfiɗawa wajen gasa kek a kansa, wanda ke riƙe danshin fenti na sa'o'i. Na kuma mayar da aikina bayan sallar asuba, in rufe sojan da kofi da zarar na ajiye buroshi. Dole ne a girgiza kwalba sosai kafin amfani, domin launi yakan kwanta a gindi.

Fentin yana bushewa ba ƙyalli, wanda ya dace da kaki da hula, amma fatarmu tana da sheƙi, balle ta sojan da ke gumi a dajin Bama. Saboda haka na ɗora ɗan man kariya mai matsakaicin sheƙi a goshi da hanci da leɓen ƙasa kawai. Wanda zai yi irin wannan aiki ina ba shi shawarar ya sayi kwalaben ɗai-ɗai kamar yadda na yi, domin kuɗin kawowa daga waje yana da nauyi, ko da yake har yau babu kwalbar da na ci rabinta. Sojan na takwas, mai tsagar, shi ne mahaifiyata ta ɗauka ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce in ƙara masa duhu kaɗan a goshi, domin haka goshin mahaifinta yake.