Kafin ka ba da aikin allon shago, duba fayil ɗin tambarinka

A nan Garwa akwai wani shagon ɗinki da nake wucewa kullum. An kashe kuɗi a allonsa, amma in ka matso sai ka ga gefen haruffan ya yi tsaga-tsaga kamar haƙoran zarto. Mai shagon ya ce mini ta WhatsApp ya tura tambarin, aka ja shi ya cika allo. Wallahi abin ya dame ni, don da an faɗa masa tun farko da bai yi wannan asarar ba.

Irin fayil ɗin da ya tura shi ake kira bitmaf, wato JPG ko PNG. Ƙananan ɗigo-ɗigo ne aka jera, kuma adadinsu ba ya ƙaruwa. Hoto mai ɗigo 1,000 a faɗi, in aka shimfiɗa shi a allo mai mita 2, kowane ɗigo ya zama milimita 2. Ga WhatsApp kuma yana matse hoto, sai dai in an tura shi a matsayin fayil. Bitmaf na da ranarsa: in hoton riga ko na fuska za a sa, shi ne daidai.

Tambari kuwa bekta yake so. Bekta layuka ne da lissafi, kwamfuta na sake zana su a duk girman da aka nema, daga katin aljihu har bangon bene. Sunayensa SVG, EPS, AI, ko CDR na CorelDRAW. Injin yanka sitika ma layi yake bi, ba ya gane ɗigo.

Sai dai a yi hattara da PDF. Wani mai zanen sai ya cusa JPG a ciki ya ce maka ga bekta. Ka sa a buɗe a gabanka, a yi ta ƙara girman harafi guda. In gefensa ya tsaya sumul, ka karɓa.

Ka kuma ce mai zanen ya mayar da rubutun ya zama zane kafin ya ba ka. In ba haka ba, kwamfutar masu bugawa na iya rasa salon rubutun, ƙ da ɗ na Hausa su koma akwati.

In tsohon hoto kawai gare ka, gara ka biya 'yan sefa a sake zana shi sau ɗaya, ka karɓi fayil ɗin a filas ka adana.